Ranar da Aka Kashe Tukunyar Hatanaka

Ƙa'idar jami'arsu ba sani ba sabo: ran da farfesa ya yi ritaya, ran nan ɗakin bincikensa ya mutu. A kwashe kaya, a share ƙasa, a miƙa makulli kafin watan Maris ya fita, kamar yadda aka saba a Japan. Dakta Kuramochi ta san haka tun ran da ta zama mataimakiyar Farfesa Hatanaka. To amma sanin mutuwa bai taɓa hana kuka ba.

An fitar da komai, saura tukunyar. Haka suke kiranta: gilashi ce mai girman tulu, cike da ruwan gishiri, da farantan azurfa a ciki. Lantarki na ratsa ta, ita kuma tana zuƙar iskar ɗakin tana cafke kabon ɗin cikinta, irin wanda ke ɗumama duniya. Na sauran masana kan lalace cikin 'yan watanni. Tasu kuwa shekara da shekaru ba ta huta ba, kuma duk darajarta ke nan. Wuta na yankewa gishiri zai daskare a jikin farantan, shi ke nan an koma gidan jiya. A kan tukunyar nan Kuramochi ta ƙarar da ƙuruciyarta.

Babu ofishin da ba ta shiga ta rusuna ba, tana roƙon a bar mata lungun da tukunyar take kawai. Kowa ya ba ta shayi, ya yaba aikin, ya raka ta bakin ƙofa. An riga an ba sabon farfesa ɗakin.

Da la'asar ɗin ƙarshe Hatanaka ya shigo daga laccarsa ta bankwana, rungume da furannin da ɗalibai suka ba shi.

"Kuramochi, ni na yi ritaya, ke kike zaman makoki?"

"Malam, ko mako ɗaya ne a roƙa mana."

"Haba dai. Ni ma ɗakin wani aka share aka ba ni." Ya ajiye furannin a ƙasa, don ko tebur babu. "Kin san abin da 'yar banzar nan ta fi ci duk shekarun nan? Numfashinmu. Nawa, naki, na ɗaliban da suka wuce, har minsharin masu barci a kan kujera."

Tsohon ya sunkuya da ƙyar, ya hura iska a bakin bututun da ke kai wa tukunyar iska. Allurar ma'auni ta ɗaga kai.

"Kin gani? Har yau ba ta raina abinci. Zo ki ba ta naki."

Ta sunkuya ta hura, hawaye na bin kuncinta. Allurar ta sake ɗagawa.

Aikin hannu na ƙarami ne, ko a rana irin wannan. Hatanaka ya ja da baya, ya gyara kwat, ya rusuna wa tukunyar kamar yadda ake yi wa babban baƙo. Kuramochi ta ɗora yatsa a kan makunnin. Wallahi ta fi son a ce hannun ne ya shanye.

Ta danna.

Gunjin tukunyar, wanda sabo ya sa kunnenta ya daina ji tuntuni, ya ɗauke, allurar ta sauko a hankali ta kwanta. Sai can Kuramochi ta lura ta riƙe numfashinta. Babu mai karɓarsa kuma.