Gida na Huɗu

Mai Tumbi ake ce masa, alhali mutumin siriri ne kamar sanda. Ya samo sunan ne daga Tumbi, wani ƙaton attajiri da ya ƙirƙira, ya kwashe rabin rayuwarsa yana zana shi a shafin baya na jarida. Kullum ƙananan zane huɗu ne a jere, kowanne a gidansa: uku na farko Tumbi yana fankama, a na huɗu asirinsa ya tonu. Direbobi da teloli har yanke shafin suke yi su liƙa a bango.

Sai da ya tsufa manya suka gano ashe gwani ne. Wani gidan baje kolin zane-zane ya karɓi ainihin takardunsa, wai lokaci ya yi da za a girmama su. Ya ji daɗi ƙwarai, har sabon takalmi ya saya.

Ranar buɗewa ya tarar da farin bango, fitilu, da mutane suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan rasuwa. Ba mai dariya. Da ya matsa kusa, sai ya ga dalili. An sa reza an yanka takardunsa, an raba kowane gida da 'yan uwansa, an kulle shi a firam shi kaɗai.

A tsakiyar ɗakin aka rataye gida na uku na zanen da ya fi ƙauna: Tumbi yana miƙa wa wani gurgu keken guragu, yana washe wa masu ɗaukar hoto baki. A gida na huɗu, gurgun ne zaune a ƙasa, motar Tumbi tana tafiya da keken a but. Shi ne babu a bangon.

Ya tare shugabar gidan. "'Yata, ina na huɗun?"

"Yana sito, Baba. Layinsa bai yi tsafta ba. Amma dubi wannan, dubi haske! Ai ya fi ƙarfin barkwanci."

"Barkwancin shi ne aikin! Wa ya ba ku izinin yanka?"

"Yi haƙuri, Baba, an ma riga an sayi na ukun nan."

Ta nuna wani mutum mai ƙamshin turare, wanda ya riƙe hannun tsohon ya ce a ofishinsa zai rataye shi, don ya dace da halinsa na taimakon marasa ƙarfi.

Ran Mai Tumbi ya ɓaci iya ɓaci. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tona asirin irin waɗannan, yau da reza ɗaya an mayar da shi mai yi musu kirari. Ya nufi sito, ya birkice kwalaye har ya samo gida na huɗun, ya dawo ya tsaya daf da firam ɗin, ya ɗaga takardar sama.

Shugabar, abin haushi, ta fara tafi, tana raɗa wa baƙi cewa wannan ma cikin shirin yake. Suka zaro wayoyi.

"Takardar za ku kalla, ba ni ba!"

Fuskarsa suka ɗauka. Can yaran mai turare suka zo suka sauke firam ɗin, suka naɗe shi a bargo suka fita. Aka bar tsohon gefen bango ba komai, yana riƙe da zanen gurgu zaune a ƙasa, kuma ba wanda zai ƙara sanin wa ya ajiye shi a wurin.