Furfurar Goshin Mama Rhoda

"Tsaya, kar ki shafa tukuna," in ji Mama Rhoda, alhali na riga na ɗebo lallen a hannuna. Na mayar da shi cikin kwano, na zauna ina kallon ƙeyarta. Tun hantsi muke wannan abu.

Mama Rhoda maƙwabciyata ce a unguwar Catford, ita a ƙasa, mu a saman bene. 'Yar Bukuru ce, ma'aikaciyar jinya, ta daɗe a London. Ni kuwa matar ɗalibi ce. Tallafin karatu na kuɗin fetur ne ya kwaso ni da mijina Maharazu ya zube mu a nan, ban san kowa ba, sai ita ta zame mini uwa. A shekarar ne ciwon ƙoda ya kama ta, ya zuƙe ta, har ta ajiye aiki.

Gashinta baƙi ne wuluk, sai wata furfura tsiri guda da ta tashi daga goshi zuwa tsakar kai. A kan wannan furfurar muke ta dambarwa.

"Matan wurin aikinmu, da winter ta shigo sai kowa ta canza colour," ta ce. "Ni ma ba sai in gwada ba?"

"To, Mama, a sa."

"Ja a kaina, Shafa'atu? Kamar gemun Alhaji? Ko baƙi zan saya a chemist?"

"To, a sa baƙin."

"A'a, baƙi ƙarya ne. Ko dai a bar shi haka?"

Ni dai kaina ya ɗaure. Matar da numfashi ke yi mata wuya daga gado zuwa kicin, matar da ban taɓa gani ta shafa ko hoda ba, wai yau kwalliyar Turawa ce ta hana ta sakat. Har na fara zargin ciwon ne ya taɓa mata kai.

Sai da lallen ya fara bushewa a kwano sannan ta faɗa mini gaskiya. Tana da 'ya, Chundung, da ta bari wurin kakarta tana ƙarama. Kullum cewa take baɗi za ta ɗauko ta, har yarinya ta zama budurwa. Yanzu gwamnati ta ba ta gurbin karatu a nan London.

"An yi mata booking, kafin Kirsimeti za ta sauka," ta ce. "Duk hoton da na aika mata da ɗankwali nake. Ba na so ta sauko daga jirgi ta ga tsohuwa. Ta yi ta jiran uwa, sai a miƙa mata kaka?"

Na ji tausayinta har cikin raina. Ban ƙara tambayarta ba, na shafa.

A gida da rana za a zauna, lalle ya kama. A nan ina rana? Na naɗe mata kai da leda da tsohon zane, na zaunar da ita gaban hita har ɗakin ya cika da warin kananzir. Da muka wanke, baƙin gashin yana nan yadda yake, furfurar kuwa ta fito launin karas. Na tsaya da tawul a hannu ina kallo. Ita kuwa ta kalli madubi ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

"Shi ke nan," ta ce. "Ko filin jirgin Heathrow ya cika, ba za ta ɓatar da ni ba."

Amma ba shi ke nan ɗin ba ne. Kullum na sauko da koko sai ta tare ni. Yau ta ce ya yi kyau, gobe ta ce in sayo baƙin. Na sayo, ta ajiye kwalin a bakin taga ba ta buɗe ba. Wata rana ma ta ce in aske tsirin gaba ɗaya, kafin in ɗauko almakashi ta fasa.

Farkon Disamba aka kwantar da ita a asibiti. Ranar Lahadi da safe ta rasu, jirgin Chundung bai ko taso ba. Maharazu da mutanen cocin Mama Rhoda ne suka taro yarinyar, ni kuma na raka ta inda aka ajiye gawar.

Ta daɗe a tsaye cikin kwat ɗin aro da ya yi mata yawa. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli fuskar, ta kalli gashin, ta juyo ta kalle ni.

"Anti, kun tabbata ita ce?"

"Ita ce, Chundung."

"Ni ba na tuna fuskarta, sai dai a hoto," ta ce a hankali. "Abu ɗaya na riƙe. Tana da fari a nan." Ta taɓa nata goshin. "Kaka ta ce tun tana yarinya take da shi. In ta ɗora ni a cinya, shi nake ja. Duk hanya shi nake ta tunani a jirgi."

Don ita fa aka rina shi. Sai na matsa, na sa yatsu biyu na raba gashin goshin kamar zan fara kitso. Can ƙasa, jikin fata, sabon gashi ya tsiro a makonnin nan, fari fat, tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

Chundung ta sunkuya ta daɗe tana dubawa. Sannan ta cire safar hannunta, ta ɗora yatsa a wurin, ta bar shi.