Tafiretar Kwali

Malam Maccido mutumin kirki ne, kowa a Illela zai gaya maka. Sai dai kirkin wani ya fi duka ciwo. Da ya bar aikin akawu a Sakkwato a 1987, ya dawo gida da tafireta guda, ya buɗe aji a zaurensa don 'ya'yan talakawa su koyi bugu kyauta. 'Ya'yan 'yan canji kaɗai ke biya, da kuɗinsu ake sayen takarda. To, ai mai biya shi ke zama gaban tafireta. 'Yan kyauta kuwa aka zana musu haruffa a kan kwalin sabulu, kowa ya ɗora nasa a cinya.

Halliru, ɗan wani masunci daga Kalmalo, yana cikin 'yan kwali. Da ƙyar ubansa ya sallame shi daga ruwa, da sharaɗin in bai sami aiki bana ba, ya dawo ya kama taru, kada a sake jin zancen boko a gidan.

"A hankali!" Malam kan daka musu tsawa. "Kak ku huda min kwali, ba ni da wani!"

Wanda ya dangwala da ƙarfi ya sha ranƙwashi. Halliru ba ya son ranƙwashi, yana kuma son Malam har zuci, don haka ya koyi taɓa kwalin kamar mai shafa kan jariri. Ido rufe yatsunsa goma ke gudu, babu kuskure. Malam kan nuna shi ga baƙi yana murmushi.

Rannan wani kamfanin jigilar kaya a bakin iyaka ya nemi mai bugun tafireta. Malam ya kai mutum biyu gwaji, Halliru da Isma'ila, ɗan wani ɗan canji, wanda da yatsa biyu yake bugu kamar kaza na tsattsagar gero.

Manaja ya sa takarda, ya fara karanto wasiƙa. Halliru ya yi bisimilla, ya rufe ido, yatsu suka kama aiki. Daɗi ya cika shi, bai taɓa sauri irin na yau ba. Can ya ji leburori suna ƙyaƙyatawa a bakin taga. Ya buɗe ido. Takarda fara fat, sai wasu haruffa biyu-uku a warwatse. Maɓallan ƙarfe duka suke so, shi kuwa lallashi aka koya masa.

Manaja ya zare takardar ya ɗaga ta sama. "Malam, wanga mi ka koya mai? Tausa?"

Halliru ya dubi Malam. Magana ɗaya ta isa: yaron bai taɓa zama gaban tafireta ba, a ba shi mako guda. Amma faɗin haka tonon asirin makaranta ne.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam, "ɗiyan masunta na. Kai bai ɗauka. Na yi iya yi na."

Isma'ila ya zauna, ya ƙwanƙwasa da yatsunsa biyu, aka ɗauke shi.

A hanyar komawa Halliru na biye da Malam, cike da kunya da baƙin ciki. Yana ta jiran Malam ya ce masa yi haƙuri. Da suka iso ƙofar zaure Malam ya juyo.

"In za ka Kalmalo, aje min kwalin nan. Akwai yaron da ka jira."