Jirgin Direba da Teburin Mai Keke

Teburin dai na Mai Keke ne, wannan ko Direba da kansa bai taɓa musu ba. Ita ta sa kafinta ya yi mata shi, dogo mai faɗi, wanda za ta shimfiɗa yadi ta ja almakashi daga wannan kai zuwa wancan ba tare da ta sunkuya ba. Tela ce, shi ya sa unguwa ke kiranta Mai Keke har sunanta na yanka ya kusa ɓata. Mijinta kuwa jirgin ƙasa ya tuƙa har kansa ya yi fari fat, don haka ko da ya ajiye aiki sunan Direba bai sake shi ba.

Ajiye aikin nan bai karɓe shi ba ko kaɗan. Mutumin da ya saba ratsa daji da garuruwa, sai ga shi yana ratsa falo zuwa kicin, yana buɗe tukunyar da ba a aike shi ba. Babbar 'yarsu ta ga abin ba zai ɓulle ba, ta aiko masa da jirgin wasa a kwali. Kan jirgin bai wuce tsawon cokali ba, ga 'yan taragu, ga layin dogo da ake harhaɗawa, ga wani ɗan akwati da ake jonawa a soket. Kana murɗa maballin akwatin, sai wuta ta bi dogo ta shiga tayoyin jirgi, jirgi ya tashi har da fitilarsa a goshi.

"Ara mini teburin nan kwana biyu," in ji Direba.

Kwana biyun nan ne suka ƙi cika. Mai Keke ta koma yanka a ƙasa, a kan gwiwoyin da suka fara yi mata ƙara duk lokacin da za ta miƙe. Ta haƙura, don tun da jirgin ya shigo gidan ta samu sararin kanta.

Sai abubuwa biyu suka faru kusan tare. Wata mata da ta tare a sabon gida ta ba ta ɗinkin labule, tagogi da ƙofofi duka, yadi mai nauyi da ba ya yankuwa a ƙasa sai ya karkace. Shi kuma jirgi ya mutu.

Ba farat ɗaya ya mutu ba, Mai Keke ta ga jinyar tun daga farko. Wata safiya Direba ya kasa kunne ya ce ya ji ƙugi a taya. Ya ɗauko baƙin mai ya ɗiga. Mai ya gangaro kan dogo, tayoyi suka fara santsi, suna juyawa a wuri ɗaya. Direba ya yi murmushin wanda ya san aikinsa. Ai ko babban jirgi in ya zo hawa dogo ya jiƙe, yashi ake zuba masa ya samu abin kamawa. Ya fita waje ya ɗebo yashi, ya tankaɗe shi da matacin shayinta, ya barbaɗa a dogo da yatsu biyu. Jirgi ya fara tafiya yana tsayawa kamar mai shaƙuwa. Ya ƙara mai. Ya ƙara yashi. Washegari fitilar ta ƙifta sau ɗaya, shi ke nan.

Shi kuwa Direba yana da wata doka a gidan, wadda ya daɗe yana taƙama da ita: abin da ba ya aiki ba ya cin wuri. Da dokar nan ya kyautar da fankarta mai lanƙwasasshen wuya, da ita ya fitar da dutsen gugarta wanda waya kawai yake so. Don haka ranar da za a kawo yadin labule, Mai Keke ta tsaya a ƙofar ɗakin, hannu a ƙugu.

"Malam, tuna mini dokar nan taka. Abin da ba ya aiki me?"

Bai ɗago ba. "Jirgi ba fanka ba ne."

"Fanka ta fi shi, ita ko ba ta juya ba a kan rataya mata tawul. Da yamma za a kawo yadi. In jirginka ya tashi kafin nan, na ci gaba da rarrafe, ban ce uffan ba. In bai tashi ba, ya koma kwalinsa, kwalin ya hau saman kabad."

"Ke dai ba ki da imani."

"A makarantarka na yi karatu."

Ya tura aka kira masa abokinsa Mai Rediyo, wanda shagonsa ke bakin titi, mutum mai tumbi da tabarau ɗaure da zare. Ya shigo da jakar kayan aikinsa yana haki, ya gaida ta.

"Uwargida, an ce kin ba jirgi sammaci."

"Na ba shi, ɗan'uwana. Kai ne lauyansa?"

Ta ja kujera ta zauna a gefe tana warware wata tsohuwar riga, kunnenta na wurinsu. Mai Rediyo bai yi gaggawa ba. Ya fara da soket, ya jona 'yar fitilar gwajinsa, ta kama. Ya koma kan akwatin, ya ɗora wayoyin mitarsa a bakinsa, allura ta motsa. Ya bi wayoyi biyun da suka tafi dogo yana lanƙwasa su a hankali ko akwai inda suka katse a ciki, babu. Sai ya kwance kan jirgin da ƙaramin sukudireba, ya ɗora wayoyin nan biyu kai tsaye a jikin injin. Inji ya ɗauki kuka, zuuu, har Direba ya miƙe tsaye.

"Ka gani! Yana da rai!"

"Yana da rai," in ji Mai Rediyo. "Wuta na fitowa, inji na karɓa. A hanya suke saɓani." Ya goga yatsa a kan dogon, ya ɗago shi baƙi ƙirin, yana ƙas-ƙas. "Wai wannan kwaɓin mene ne?"

"Mai ne da yashi."

"To ni a ganina..."

"Dakata. Ka taɓa tuƙa jirgi?"

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa ko shiga gaba inda direba ke zama?"

"Ko bayan ma sau ɗaya na shiga, na yi ta amai."

"To bar mai da yashi a inda ka gan su. Jirgin da babu mai a ƙafarsa gawa ne. Kai dai nemi abin da ya ƙone."

Mai Rediyo ya kalli abokinsa, ya kalli yatsansa, ya goge shi a wando. Mutum ne da ba ya son a yi faɗa da shi kafin abincin rana. Ya mayar da murfin jirgin ya ɗaure, ya ce wataƙila wani ɗan ƙarfe ne a ciki, irin wanda sai an aiko daga inda aka ƙera. Ya sha ruwa, ya yi sallama, a ƙofa ya ɗaga wa Mai Keke gira ya wuce.

Direba bai saduda ba. Ya busa, ya girgiza, ya juya jirgin gabas ya juya shi yamma, ya yi masa magana a hankali, ya yi masa tsawa. Rana ta karkata. Mai babur ya yi ham a waje, aka shigo da yadin labule a naɗe, aka jingina shi a bango. Direba ya dube shi kamar mai duban ɗan sanda. Ya ajiye kan jirgin, ya ce, "Ki tattara. Ba na son in gani." Ya fita ya zauna a bencin ƙofar gida.

Mai Keke ta sauko da kwali tana ɗan rera waƙa a hanci. Amma fa ita ba za ta sa ƙazanta a kwali ba, balle a ce baƙin mai ya zauna a teburin da za ta shimfiɗa yadin mutane. Ta ɗauko tsumma da sipirit daga akwatin magani, da ɗan burushin da take share haƙoran kekenta. Ta fara da kan jirgin. Ta kakkaɓe yashin da ya maƙale a ƙarƙashi, ta goge tayoyin ɗaya bayan ɗaya har suka fito da launinsu, ashe farare ne masu ƙyalli. Ta goge dogon da ke gabanta kamar kamu biyu, ta ɗora jirgin a kai don ta samu hannun matse tsumma.

Fitila ta kama.

Ta ja da baya, hannu a ƙirji. Ashe Direba ya bar maballin a murɗe. Jirgi ya tafi sumul, ya kai inda gogewarta ta ƙare, ya hau baƙin kwaɓin, ya tsaya cik. Ta dawo da shi, ta sake goge tayoyin, ta ƙara goge dogon gaba. Ya bi ta. Ta ƙara, ya ƙara, kamar kazar da ake watsa wa tsaba.

"Au, haka ne?" ta ce da jirgin. "Duk wankan da kake nema ke nan, ka bar bawan Allah yana ta zuba maka miya?"

Ta kashe maballin ta tsaya. Ba wanda ya gani. Kwali ga shi a buɗe, yadi ga shi a jingine, doka kuma ba ita ta kafa ta ba. In ta rufe kwalin nan, gobe da safe a tsaye za ta yi yanka kamar kowace tela mai mutunci. Ta ɗauki jirgin, har ta kai shi bakin kwali. Sai ta leƙa ta taga. Direba na nan a benci, kafaɗu sun zube, hula a gwiwa. Maƙwabci ya wuce ya gaishe shi, hannu kawai ya ɗaga. Ta yi tsaki mai tsawo, ba ta san ma wa take yi wa ba.

"Malam! Zo ka ji."

Ya shigo yana jan ƙafa. "Kin gama?"

"Tambaya ce da ni. In jirgin nan ya tashi ta hannuna, ba ta hannunka ba, tebur na wa?"

"Ta hannunki? Ke da ko rediyo sai an kunna miki?"

"Amsa za ka ba ni."

"In kika tayar da shi, ki ɗauki tebur, ki haɗa da kujeruna."

"Kujerunka ka riƙe. Tebur nawa, jirgi ya sauka ƙasa. Gwiwa ai ba ni kaɗai Allah ya ba ba. Kuma kwalbar baƙin man nan a hannuna za ta zauna."

"Na ji. Tayar mu gani."

Ta ɗora jirgin a wurin da ta goge, ta murɗa. Fitila ta haska, jirgi ya taho gabansa ya wuce. Direba ya buɗe baki. Ya duba ƙarƙashin tebur ko Mai Rediyo ne ya ɓuya. Ya dubi tsumman da ke hannunta, baƙi ƙirin, ya dubi dogon da ke ƙyalli. Ya daɗe yana shafa haɓa.

"Na gane," in ji shi. "Yashin ne bai yi laushi ba."

"Ƙwarai kuwa," in ji Mai Keke. "Kama wancan gefen mu sauke."

Tare suka goge sauran dogon, ita tana gogewa, shi yana nuna mata inda ta riga ta goge. Suka wanke teburin da sabulu. Sannan ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta ce masa sannu da muryar da ba ta da tausayi ko ɗigo. Ya harhaɗa dogon a ƙasa, ya zagaye ƙafafun teburin da shi, ya ratsa ta ƙarƙashi. Da gwiwoyin suka gaza sai ya kwanta rub da ciki, kumatu a kan siminti, ya miƙa hannu ya murɗa.

Ta shimfiɗa yadinta daga wannan kai zuwa wancan, ta ja alli, ta ɗauki almakashi. Can sai ta leƙa ƙasa. Jirgin na fitowa daga duhun ƙarƙashin tebur da fitilarsa, yana nufo fuskarsa kai tsaye, yana ƙara girma.

"Ke," ya ce a hankali, "daga nan ƙasa fa kamar na gaske yake. Zo ki kwanta ki gani."

"Ina da aiki."

"To ɗaga ƙafarki, kina kan dogo."

Ta ɗaga ƙafa ɗaya, jirgi ya wuce da taragunsa, ta sauke, ta sa almakashi a yadi.