Shaukaran a Kicin ɗin Ummu Fayiz

Saura sa'a guda da 'yan mintoci a sha ruwa Wadad ta ɗauki tsintsiya za ta share kicin. A ƙarƙashin katakon da uwarta ta yanka ganye a kai ta ga wani guntun kara mai santsi, da ɗigo-ɗigon ja a jikinsa. Ta murje shi da yatsa ta kai hanci, warin fitsarin ɓera ya cika mata kai. Ta tona tarin sharar ta sami na biyu, ta sami na uku. Shaukaran ne, ganye mai dafi.

Duk wanda ya tashi a duwatsun Ajlun ya san shaukaran. Da zarar sanyi ya ja baya sai ya fito ko'ina, bakin rafi, gefen hanya, gindin katangar kowa, ba wanda ya shuka shi kuma ba wanda ya iya raba shi da wurin. Yana ƙarami ganyensa sak na karas, ya saje da ganyayen dajin da ake ci. Tunkiya in ta ci, ƙafafunta ne ke fara mutuwa, daga nan sai numfashi. Shi ya sa matan ƙauyen in suna shakkar wani ganye suke kawo wa uwar Wadad, Ummu Fayiz, wadda ta shekara hamsin tana tsinkar ganye a dutse. Ta sansana sau ɗaya ta ce a ci ko a zubar, kuma maganarta ta zauna.

To yau ita ce ta tsinko, ta yanka, ta cusa a ƙullin fulawa ta gasa fatayir guda arba'in da biyu. Goma suna nan a rufe. Sauran talatin da biyu Wadad ce da ƙafarta ta rarraba su gida huɗu bayan la'asar, kamar yadda ake yi kowane azumi. Abu ɗaya ya tsare mutane zuwa yanzu, bakin kowa a rufe yake sai ladan ya kira.

Ta leƙa ɗaki. Tsohuwar na kishingiɗe da carbi a hannu, barci ya ɗauke ta. Wadad ta tsaya tana kallonta cikin haushi da tausayi. Sau nawa ta ce mata ta bar hawan dutsen nan? A'a, sai ta je, wai ganyen kasuwa ciyawa ne. Amma in ƙauyen ya ji wannan, matar ta gama yawo. Wadad ta kulle goman a kabad, ta sa makullin a aljihu, ta zari buhu ta fita, a ranta tana cewa gida huɗu ne kawai, za ta kwaso abinta shiru ba wanda zai sani.

Gidan Ummu Rakan ta fara shiga. Ta ce a yi haƙuri, gishiri ne ya yi yawa, ta zo ta karɓa a sake wani.

“Gishiri? Ai mijina da za a bar shi har a shayi zai zuba,” in ji Ummu Rakan. “Zauna ki huta, 'yar uwa, kin ga yadda kike haki?”

Wadad ta ce ba zama ya kawo ta ba. Matar ta ɓata fuska ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin an aiko da abinci an biyo sawunsa ba, in wani laifi aka yi a faɗa mata. Sai da aka ɓata minti biyar ana rantse-rantse kafin ta ɗauko farantin, kuma guda huɗu ne a ciki. Sauran huɗun ta aika wa surukanta can saman tudu, don sun daɗe suna yabon hannun Ummu Fayiz.

A gida na biyu an juye su a babban tire an gauraya da na alayyafo. Wadad ta durƙusa tana tsince na uwarta, don tsohuwar kaɗai ke murɗa bakin ƙullin sau biyu, matar gidan na tsaye a kanta tana tambaya ko lafiya. Biyar ta samu. Uku sun tafi gidan wata mai jego. Ta ruga gidan mai jegon, aka ce ai ita ba ta cin ganye a kwanakin nan, an miƙa wa maƙwabta. Waɗanne maƙwabtan? Wadda ta kai ta tafi ɗebo ruwa.

Gida na uku kuwa kwaɗo ta tarar a ƙofa. Sun tafi shan ruwa gidan ɗansu a ƙarshen ƙauye, da farantin a hannu.

Nan Wadad ta tsaya a tsakiyar hanya, ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi ihu. Wane irin mutane ne waɗannan? A ba ka abinci ka ci, shi ke nan, ina wahalar take? A'a, a ƙauyen nan faranti ya fi mai shi yawo. Kowa so yake a ce shi ma ya aika, ko da abin wani ne. Jiya-jiya ita da bakinta take faɗa wa wata baƙuwa daga birnin Irbid cewa a nan ba mai shan ruwa da girkin gidansa kaɗai, tana faɗa tana hura hanci. Yau ga shi abin ya zame mata bala'i.

A gida na huɗu ta sami shida, aka hana ta fita sai da aka ɗora mata kwanon miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, wai ba a mayar da mutum hannu wofi. Ta ajiye kwanon a kan katanga ta farko da ta gani. Ta ƙirga na buhu, sha biyar. Sha bakwai suna hannun mutanen da wasu ma ba ta san su wane ne ba, kuma rana ta riga ta sauka kan itatuwan zaitun. Sai a lokacin ta tuna da yaran da ba sa azumi, masu zagaya tire suna satar abin da ya fi kusa. Ta juya ta nufi masallaci da gudu.

Abu Sayil ladan yana tsaye a ƙofa yana duba agogo, kusa da tabarmar da ake jera abincin matafiya. Guda biyu na uwarta suna kai. Ta kwashe su ta faɗa masa komai, da ƙarfi, don kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Ta roƙe shi ya faɗa a lasifika cewa duk mai fatayir na ganyen daji kada ya ci.

Ya ce rabin ƙauyen sun gasa irinsa yau, kowa zai ɗauka da maƙwabcinsa ake. Ta ce to ya ce nata ne, na Wadad, ita ta yi kuskuren.

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau. “'Yata, wa ya taɓa aika fatayir ɗinki gida uku? Wanda aka miƙa wa, ce masa aka yi na Ummu Fayiz ne. Da sunan ya shiga gidajen, da sunan zai fito.”

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta ƙara mata haushi. Ta dubi sama, jan rana ya kusa ƙarewa.

“Faɗi sunan, Baba,” ta ce.

Ya faɗa sau uku, dalla-dalla, yadda yake sanarwar rasuwa. Fatayir ɗin Ummu Fayiz akwai shaukaran a ciki, kada kowa ya kai baki, a kawo masallaci. Muryar ta bugi dutsen da ke gabas ta dawo, Wadad ta ji sunan uwarta sau shida. Sannan ya kira salla.

Kafin a idar da magariba an kawo duka, har da na mutanen ƙarshen ƙauye, waɗanda suka ce farantin na tsakiyar tabarma lokacin da lasifikar ta yi magana. Ba wanda ya ci. Maza suka haƙa rami a bayan masallaci suka binne, don kada kaji ko karnuka su samu. Mata suna ta hamdala, amma Wadad ta ga yadda suke kallon juna ta gefen ido, ta kuma san zancen da za a yi a kan kowace tabarma yau.

Ta koma gida tana jan ƙafa, ko ruwa ba ta sha ba. Ta tarar da uwarta a zaune a kicin, kararen nan uku a cinyarta, dabino a gabanta ba ta taɓa ba.

“An ci?” ta tambaya.

“Ba a ci ba, Umma.”

“Yaushe kika gani?”

Wadad ta faɗa mata. Tsohuwar ta ɗago kai, idonta ya kaɗa.

“Sa'a guda? Sa'a guda kina bin gidaje da ƙaryar gishiri, 'ya'yan mutane na zagaya tire, don kada a ce tsohuwa ta tsufa? Ni na haife ki kuwa?”

Duk haushin da Wadad ta kwaso tun daga gidan Ummu Rakan ya taso. Ta ce don wa ta yi? Don wa ta sha gudu da azumi a baki har ana mata kallon mahaukaciya? Sau nawa ta ce a bar dutsen nan? Kuma abin da ya fi ɗaure mata kai, ganyen da warinsa ke korar akuya, yaya za a yi a ce Ummu Fayiz ta yanka shi da hannunta ba ta ji ba?

Tsohuwar ta ɗauki kara ɗaya daga cinyarta. Ta daɗe tana juya karan a tsakanin yatsunta. Can ta miƙe da kyar, ta buɗe tukunyar da ke kan wuta, tururi ya tashi ya rufe mata fuska.

“Zo ki sansana mini miyar nan, ko ta kama,” ta ce a hankali. “Tun zazzaɓin da na yi da sanyi ban sake jin ƙanshin komai ba.”