Muryar 'Yar Tsako

A gidan talabijin ɗin akwai wata al'ada da kowa ya gada ba tare da ya tambayi dalilinta ba. Idan ana juya katun ɗin ƙasashen waje zuwa Hausa, duk inda bakin dabba yake motsi sai a bi abin da ta faɗa, don magana ta dace da baki. Amma da zarar ta juya baya, ko ta shige bayan bishiya, to wurin ya zama gonar kowa, sai a cusa mata wa'azi. Zomo ya ba da ƙeya, sai ka ji ya ce a riƙa wanke hannu. Kifi ya nutse cikin ruwa, sai ya ce a gaida malamai. Suna kiran wannan aiki cike gurbi.

Auta ta tsani cike gurbi tun ranar da ta fara aiki. Ita ce muryar 'Yar Tsako, wata mitsitsiyar halitta mai ƙaton kai da ke zaune a tsakar gidan da Talo-talo yake sarauta. Talo-talo zai kumbura ya kafa doka, ya ce daga yau kowa ya yi tafiya da ƙafa ɗaya. Kaji su sunkuyar da kai su hau ɗingishi. Ita kuwa sai ta karkata wuya ta ce, "Don me?" Bokiti ya faɗo mata, ta baje kamar takarda, ta miƙe ta karkaɗe jiki ta sake tambaya.

Auta ta sha zama a falon yayarta tana kallon yara suna kallon shirin. Ta lura ba faɗuwar bokitin ce take riƙe su ba. Jira suke a zo wurin tambayar, bakinsu a buɗe, su faɗe ta tare da 'Yar Tsako. Har ƙaramar cikinsu, wadda ko gaisuwa sai an matsa mata, takan faɗa da ƙarfi.

Ran nan da safe suna cikin ɗakin ɗaukar murya, ita da Kawu, tsohon ɗan wasan rediyo da ke yin muryar Talo-talo. Ɗaki ne ba taga, an liƙe bangonsa da soso, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga makirfo. Injiniya yana can bayan gilashi da na'urorinsa. Sun kai ƙarshen shirin ranar: Talo-talo ya hana kowa kallon sama, hadari ya haɗu ba wanda ya gani, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. 'Yar Tsako ta juya tana tafiya a hankali, tana kaɗa 'yar wutsiyarta, ba ta ce komai ba.

Manajan shirye-shirye ya turo ƙofa ya tsaya kan Injiniya, ya danna maɓallin magana.

"Tsayar nan. Ga gurbi kamar filin ƙwallo kuna shirin barin shi. Auta, ki ce: na gane kuskurena, ba zan ƙara yi wa manya tambaya ba."

"Ranka ya daɗe, wane kuskure? Shi fa ruwa ya daka."

"Jiya shugaban hukumar gidan nan ya kira ni. Wai ya ce wa jikarsa ta kashe talabijin, ta dube shi ta ce don me. A gaban baƙi."

"To ya faɗa mata dalilin mana."

Kawu ya kwashe da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

"'Yata, faɗi kawai mu fita mu sha iska," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni da kike gani na sa wani kada ya ce a goge haƙori, na sa jaki ya ce a dage da karatu. Yara ba sa ma ji."

"Kawu, in ba sa ji, don me muke faɗa?"

"Ka ji ko?" in ji Manaja. "Ita ma cutar ta kama ta."

Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba mugu ko ɗaya a ɗakin. Mutane ne masu kirki da suka saba, an ce su yi sun yi, har suka manta ana iya cewa a'a.

"Wanke hannu na faɗa," ta ce. "Kwashe shara na faɗa, ina jin kunya na faɗa. Wannan dabam ne. Yaro yana tashi a gida a ce masa yi shiru, ya je makaranta a ce masa yi shiru. Wuri ɗaya ne tak yake ganin ƙarami ya yi tambaya, aka kuma wayi gari shi ne da gaskiya. Shi ne za mu bi ta bayan 'Yar Tsako mu sa ta tuba? In na faɗi wannan, gobe wa za su kalla?"

"Ba lacca na zo ji ba. Muryar nan ta gidan nan ce, ba gadon gidanku ba. Ko ki faɗa, ko ki ajiye abin kunnen nan ki ba mu wuri. Masu siririyar murya sun cika gari."

Ta san ba wasa yake ba. Ta dubi allon da hoton ya tsaya a kai. Ita ta nemo wa wannan halitta murya, tana gwadawa a banɗaki, tana gwadawa a hanya har masu wucewa suna waiwayenta. Ba ta taɓa yin aikin da take ɗokin wayewar gari dominsa ba sai wannan.

"Injiniya, saki hoton," ta ce.

Jar fitila ta kama. Manaja ya gyara tsayuwa yana gyaɗa kai. 'Yar Tsako ta ci gaba da tafiyarta cikin ruwan sama. Auta ta tsaya gaban makirfo, bakinta a rufe, tana kallonta har ta ƙule, allon ya yi baƙi.

"Abin da zan ɗauka ke nan," ta ce. Ta cire abin kunnen ta rataye a jikin makirfo.

"Kin kori kanki," in ji Manaja.

"Na ji, ranka ya daɗe."

Sai dai da yamma shirin zai fita, kuma masu siririyar muryar da suka cika gari babu ko ɗaya a ginin. Manaja ya dubi Kawu.

"Ni? Muryata kamar tsohuwar babbar mota a kan tudu. Ka rufa mini asiri."

Ya dubi Injiniya. Injiniya ya ce shi in ya tashi ba mai riƙe na'ura.

Auta tana haɗa jakarta ta ga Manaja ya cire kwat, ya shiga ɗakin, ya sa abin kunnen da ya matse masa kai. Ya sunkuya gaban makirfon da aka saita daidai tsayinta, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya tsuke murya ya ce ya gane kuskurensa, ba zai ƙara yi wa manya tambaya ba.

Injiniya ya danna maɓalli, fuskarsa ba alamar dariya.

"A sake, ranka ya daɗe. Muryar agwagwa ce ta fito."

Auta ta rataya jakarta. Kawu ya riƙe mata ƙofa, bai yarda sun haɗa ido ba. Ta fita ana sake ɗaukar muryar karo na uku.