Gayya a Lambun Baturiya

Idan yaro ya yi wa baƙuwa aikin da ya hana ubansa, lada ya samu ko alhaki ya ɗauka? An tambayi masu karatu, an tambayi marasa karatu, har yau ba a sami amsar da ta zauna ba. A ƙauyen Ba'awa da ke ƙasar Kiru tambayar ta taso, ranar da hoton Abdulmalik ɗan Malam Ubale ya iso gari.

Abdulmalik yana ƙasar Turawa yana karatun injiniyan ruwa. Tun yana ƙarami aka san shi da ƙin gona. Ranar shuka kansa ke ciwo, ranar noma jarrabawa ta matso, ranar girbi kuwa malaminsu ya ce a zo ko da an yi hutu. Malam Ubale ya yi faɗa har ya gaji. Da yaron ya sami tafiya karatu waje, sai uban ya mayar da abin alfahari. "Ni na raba shi da fartanya," haka yake cewa a majalisar ƙofar masallaci. Ya soma sa farar riga ko ba Juma'a ba, shi ma ya ja da baya daga noma, sai dai ya tsaya a bakin gona yana nuni da sanda. Aka laƙaba masa Baban Turai, bai hana ba.

Sani ne ya kawo hoton zuwa majalisa. Abokin Malam Ubale ne tun na ƙuruciya, gonakinsu ma iyaka ɗaya.

"Baban Turai, matso ka ga injiniya," in ji Sani, ya miƙa masa waya.

Abdulmalik ne durƙushe cikin taɓo, da dogon takalmin roba, da wata guntuwar fartanya a hannu, yana dariya har kunne.

"Gwajin ƙasa yake yi," in ji Malam Ubale. "Cikin karatunsu ne."

"Gwajin ƙasa da kwandon ciyawa a gefe? Haba Malam, ni da kai mun san noma in mun gan shi. Riƙon fartanyar ne dai na wanda ba a koya wa ba."

Aka yi dariya. Sani ya jira ta lafa, sannan ya tuna masa cewa ranar Asabar yake gayyar maimai, wato noma na biyu, a gonarsa. Bara 'ya'yan Sani suka yini a gonar Malam Ubale. A Ba'awa kuwa gidan da aka yi wa gayya dole ya turo hannu in ta wani ta zo. Wanda ya ƙi, ranar tasa zai dama fura ya tuƙa tuwo, ya zauna daga shi sai makaɗi. Ga dawar Malam Ubale ciyawa ta soma haye ta, gayyarsa ce ke biye da ta Sani.

"Zan turo maka ɗan ƙwadago," in ji Malam Ubale.

"Gayya na kira, ba ƙwadago ba. Hannun gidanka nake so. In babu yaro, ai kai kana nan."

"Ni? Da furfurata, in jera kunya da sa'o'in ɗana? Ba za a gani ba."

Bayan la'asar ya sa matarsa Maimuna ta kira masa yaron.

"Kai, gonar wa na gan ka a ciki?"

"Ba gona ba ce, Baba, ɗan lambu ne a bayan gidan wata tsohuwa. Aikin sa-kai ne. Duk Asabar ɗalibai muna rarrabuwa gidajen tsofaffi, wani ya yi cefane, wani ya yi shara. Ni lambu ya faɗo mini."

"Kan naka bai yi ciwo ba?"

Abdulmalik ya yi 'yar dariya. "Sanyi ne a nan, Baba, ba ya tashi."

"Me take ba ku in kun gama?"

"Shayi. Wani lokacin da biskit."

"Shayi! Ba fura, ba tuwo, ba ganga? To 'ya'yanta fa, suna ina?"

"Ɗaya ne, yana wani gari can nesa yana aiki. Sai shekara-shekara yake zuwa."

"Marar kunya," in ji Malam Ubale. "Ya bar tsohuwa da gona ya tafi..." Sai ya tuna inda nasa ɗan yake. Maimuna ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Ya kwana yana juya abin. Ba ya son ya ce taimakon tsohuwa laifi ne, don ya san ba laifi ba ne. Amma ƙarfin nan da aka zuba a lambunta, da dawar gonarsa aka yi shi. In akwai lada, shi yana da kaso ko babu? In kuma gayya ce, ai gayya ramawa ake yi. Da ya iso nan sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Da safe ya sake sa aka kira.

"Ka gaya wa tsohuwar nan gidanmu ya yi mata gayya, yanzu tata ramuwar ta zo. Ranar Asabar, gonar Sani. Ta turo ɗanta."

"Baba, ba haka ake yi a nan ba. Shi aikin sa-kai ba a..."

"Na tambaye ka yadda ake yi a can? Saƙo na ba ka."

Amsa ta iso ranar Juma'a, cikin bidiyo, don yaron ya je wa tsohuwar takanas, bai jira Asabar ba. Maimuna ta riƙe masa wayar a tsakar gida. Wata 'yar tsamurarriyar tsohuwa ce, kai fari fat, ta durƙusa kan buhu tsakanin kunyoyin kabeji tana cire ciyawa da hannu mai rawa. Ta ɗago ta ce, "Sannu Baba," da Hausar da aka koya mata yanzu-yanzu. Sauran maganar Abdulmalik ne ya riƙa fassarawa.

"Ta ce al'adarku ta fi tasu gaskiya, kuma ta yarda ramuwa tana kanta. Ɗanta likitan haƙori ne, ta ce ko tukunyar fure ba ya iya ɗagawa, in ya zo kunya zai ba ku. Ta ce ita za ta zo da kanta. Ta haura tamanin, amma in aka ba ta buhun durƙusawa za ta yi kunya ɗaya kafin azahar. Wai wane jirgi ne ke sauka kusa da Kiru?"

"Wasa take yi," in ji Malam Ubale.

"Ni ban ga alamar wasa ba," in ji Maimuna. "A share mata ɗakin Abdulmalik ne, Malam? Sai a ce wa Sani ga hannun gidan Baban Turai nan ya iso. Kai kuma ka tsaya mata a bakin gona da sandarka, kana nuna mata inda ta bari."

"Maimuna."

"Na'am, Malam. Furfurarta ma ai ta fi taka."

Ya ce a mayar masa da bidiyon baya, ya sake kallon hannun nan mai rawa yana tuge ciyawa ɗaya bayan ɗaya, da ɗansa a gefenta yana riƙe da fartanya a karkace.

Ranar Asabar, ganga ta fara tashi daga gonar Sani tun rana ba ta yi zafi ba. Malam Ubale ya fito da farar rigarsa, ya tsaya a zaure yana saurare. Can ya koma ciki, ya cire ta ya rataye a ƙusa, ya zura tsohuwar taguwarsa mai faci a kafaɗa. Ya zaro fartanya daga ƙarƙashin rumbu, ya buga ƙotar da ƙasa don bakin ya zauna.

"In yaron nan ya kira," ya ce wa Maimuna, "ki ce ya gaya wa tsohuwa ta yi zamanta, an wakilce ta. Kuma ya gyara riƙon fartanyar nan, yana ba ni kunya a ƙasar mutane."

Ya saɓa fartanyar a kafaɗa, ya nufi inda gangar take.